DAGA PONS ZUWA PONZU: TARIHIN TAFIYAR WATA KALMAR ARO A ƘASAR JAFAN

1.0 GABATARWA

Daga cikin rassan ilimin harsuna akwai wanda ya keɓanta da binciken asalin kalmomi, watau bin diddigin kalma tun daga inda ake amfani da ita a yau har zuwa inda ta fara tsira, tare da bayyana sauye-sauyen da suka same ta a hanya. Wannan reshe yana da daɗin sauraro, amma kuma yana da santsi ƙwarai, domin kusan duk mai jin harshe yana ganin yana da ta cewa a kansa. Sau da yawa akan ji mutum ya ɗauko kalmomi biyu daga harsuna biyu, ya ga sun yi kama a furuci, shi ke nan sai ya yanke hukuncin cewa ɗaya ce ta haifi ɗaya, wani ma ya zarce ya ce al'ummun nan biyu tushensu guda. Irin wannan hukunci ba ya tsayawa a zaure. Yakan shiga littattafan makaranta da jawaban manya, daga nan kuma sai yara su haddace shi da sunan tarihi.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna hanyar da masana ke bi kafin su ce kalma kaza daga wuri kaza ta fito. An zaɓi kalma guda daga harshe mai nisa, watau Jafananci, saboda nisa yakan rage son zuciya: babu mai sauraron da ke da gado ko sarautar da zai kare a cikinta. Kalmar ita ce ponzu, sunan wani romo mai tsami da Jafanawa ke yi da ruwan lemo. Za a auna ta da shaidu uku waɗanda masana ba sa yarda da asalin kalma sai sun haɗu: shaidar hanya, watau tarihin cuɗanyar masu harsunan biyu, shaidar sauti, da kuma shaidar ma'ana.

2.0 ABIN DA AKE KIRA PONZU

A ɗakin girkin Jafanawa ponzu romo ne tsinkakke wanda ake dangwala abinci a ciki, ko a yayyafa shi a kai. Ginshiƙinsa shi ne ruwan wasu 'ya'yan itatuwa dangin lemon tsami da ake nomawa a can, kamar yuzu, wanda lardin Kochi ya yi fice da shi, da sudachi na lardin Tokushima, da kabosu na lardin Oita, da kuma wani lemo mai ɗaci-ɗaci da suke kira daidai. Akan haɗa wannan ruwa da shoyu, watau baƙin romon waken suya mai gishiri, wanda matsayinsa a girkinsu ya yi kusa da na daddawa a miyar Bahaushe. Sa'an nan a jiƙa busasshen kifi da wata ciyawar teku a ciki, wasu kuma su ƙara mirin, wani tsimin shinkafa mai zaƙi wanda ke da giya a cikinsa. Ana cin ponzu da dafaffiyar kaza, da yankakken nama, da ɗanyen kifi, da awara.

Idan aka tambayi Bajafane wanda bai yi nazarin harshe ba game da wannan kalma, amsar da ta fi kusa da bakinsa ita ce kalmar gida ce, kuma yana da dalili. A Jafananci su na nufin khal, watau tsimammen ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci. In su ta zo a ƙarshen haɗaɗɗiyar kalma takan koma zu, shi ya sa ake da amazu, khal mai zaƙi, da kurozu, baƙin khal, da komezu, khal na shinkafa. To, ga romo mai tsami, sunansa ya ƙare da zu, kuma a jikin kwalba an rubuta wannan gaɓa da harafin da ke nufin khal. Ga alama magana ta ƙare.

Amma akwai saura. In an cire zu, abin da ya rage shi ne pon. A sauran kalmomin kashin farko yana da ma'ana: ama zaƙi, kuro baƙi, kome shinkafa. Pon kuwa ba ta nufin lemo ko wani abin ci a harshen. Bugu da ƙari, ana yawan rubuta ta da katakana, salon rubutun da Jafanawa suka fi keɓe wa baƙin kalmomi. Wannan ragowar da ta ƙi fassaruwa ita ce ta nuna wa masu bincike cewa sai an leƙa waje.

3.0 SHAIDAR HANYA: TSIBIRIN DEJIMA

Turawan farko da suka isa Jafan su ne mutanen Fotugal, waɗanda suka sauka a tsibirin Tanegashima a shekarar 1543. A 1549 mai wa'azin Kirista Francis Xavier ya biyo sawunsu, a 1571 kuma garin Nagasaki ya zama tashar jiragensu. Daga bakinsu Jafananci ya sami kalmomi irin su pan, watau burodi, da tabako, watau taba. A shekarar 1600 wani jirgin Holan mai suna Liefde ya iso gaɓar Kyushu a jigace. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, ya buɗe gidan ciniki a Hirado a 1609. Ingilishi su ma suka buɗe nasu a wannan gari a 1613, amma ciniki bai karɓe su ba, suka rufe suka tafi a 1623.

A wannan zamani mulkin Jafan yana hannun gidan Tokugawa, waɗanda ke riƙe da sarautar Shogun, watau sarkin yaƙi, tun daga 1603. Sun yi tsoron cewa sabon addini zai zama ƙofar mamaya, saboda haka suka haramta Kiristanci a 1614, suka hana 'yan ƙasa fita waje a 1635. Bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, wanda yawancin masu yin sa manoma ne Kiristoci, sai aka kori mutanen Fotugal baki ɗaya a 1639. Turawan Holan kuwa, waɗanda ba su zo da masu wa'azi ba, har ma suka taimaki gwamnati da igwar jirginsu a kan 'yan tawayen, su aka bari. Duk da haka ba a sakar musu mara ba. A 1641 aka kwashe su daga Hirado aka tsugunar da su a Dejima, wani ɗan tsibiri da aka gina da cikon ƙasa a bakin tashar Nagasaki, mai siffar mafici, wanda faɗinsa bai kai hekta biyu ba.

Gada ɗaya tak ta haɗa Dejima da gari, kuma akwai masu gadi a kanta. Turawan da ke zaune a ciki ba su cika wuce ashirin ba, tare da barori da bayi da suka kawo daga tsibiran da a yau ake kira Indunusiya. Ba sa fita sai da izini. Daga 1715 aka taƙaita jiragensu zuwa biyu a shekara. Suna kawo siliki da sukari da magunguna, suna fita da tagulla da kafur da tangaram. Gaskiya ne cewa 'yan kasuwar Sin suna zuwa Nagasaki, kuma akwai hulɗa da Koriya ta tsibirin Tsushima, amma ta fuskar Turai wannan gada ita kaɗai ce ƙofa har tsawon shekara ɗari biyu da 'yan kai, sai da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka zo a 1853, aka ƙulla yarjejeniyar Kanagawa a 1854.

Waɗanda suka fi kowa taka gadar su ne tafintoci, ma'aikatan gwamnati waɗanda ke gadon aikin uba da ɗa. Ta hannunsu Holanci ya zama harshen ilimin zamani a Jafan. A 1720 Shogun Yoshimune ya sassauta dokar hana shigo da littattafan waje, in dai ba na addini ba ne. A 1774 likita Sugita Genpaku da abokan aikinsa suka buga fassarar wani littafin sassan jikin ɗan'adam daga Holanci. Ban da ilimi akwai ci da sha. Turawan sukan yi walimar sabuwar shekara su gayyaci tafintoci da jami'an gari, al'adar da malami Otsuki Gentaku ya kwaikwaya a birnin Edo, Tokyo ta yau, a ranar 1 ga Janairu 1795. A irin wannan teburi baƙo yakan ɗanɗana abu ya tambayi sunansa. Wani rubutu na shekarar 1799, wanda aka tattara daga hirar wani tafinta ɗan gidan Narabayashi, ya ambaci abin shan Turawan Holan mai suna ponsu, ya ce ana haɗa shi da barasa da ruwa da sukari da gyaɗar ƙamshi. Shaidar hanya ke nan ta samu: ga wuri, ga lokaci, ga mutanen da suka ji kalmar, ga kuma takarda.

4.0 INDA TURAWAN HOLAN SUKA SAMO TA

Kalmar da tafintocin suka ji ita ce pons. Amma ita ma baƙuwa ce a Holanci, an aro ta ne daga Ingilishi punch, sunan wani haɗin abin sha da ya yaɗu a tsakanin ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan kasuwar Turai a tekun Indiya cikin ƙarni na 17. Dalilin yaɗuwarsa a fili yake. Tafiya daga Turai zuwa Indiya ta kudancin Afirka takan ci wata shida ko fiye, giyar da suka ɗauko daga gida kuwa takan lalace a zafi. Sai suka koma ga barasar da suka tarar a can, arak, wadda ake tacewa daga bammi ko rake ko shinkafa, sunanta kuma daga Larabci yake, inda araƙ ke nufin gumi. Saboda kaifinta sai a sirka ta da ruwa, a sa sukari da ruwan lemon tsami da kayan ƙamshi. Ambaton punch mafi tsufa da aka sani a Ingilishi yana cikin wasiƙar wani ma'aikacin kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, ta shekarar 1632.

Daga nan baya kuwa masana sun rabu biyu. Wani likita Bature mai suna John Fryer, wanda ya yi yawo a Indiya da Farisa, ya rubuta a littafinsa na 1698 cewa sunan ya fito ne daga kalmar Indiyawa mai nufin biyar, saboda kayan haɗin biyar ne. Lalle kam a harshen Hindi panch biyar ce, a Farisanci panj, kuma ita ce a cikin sunan Panjab, ƙasar koguna biyar. Wannan bayani ya karɓu, har yau shi aka fi ji. Sai dai wasu masana sun yi masa tambayoyi biyu. Ta farko, a farkon ƙarni na 17 Ingilishi suna furta wasalin punch kusa da u ne, alhali wasalin kalmar Hindi a ne. Ta biyu, kayan haɗin ba su tsaya a biyar ba, wani ya lissafa huɗu, wani shida. Saboda haka suka karkata ga puncheon, sunan wata babbar gangar katako da ake zuba barasa a cikin jirgi.

Abin lura a nan shi ne bambancin ƙarfin hujja. Matakin da ya kai kalmar daga Holanci zuwa Jafananci tabbatacce ne, haka ma wanda ya kai ta daga Ingilishi zuwa Holanci. Matakin da ya danganta ta da Indiya kuwa ra'ayi ne mai goyon baya da masu suka. Mai bincike na ƙwarai yakan bambance wa mai sauraro tsakanin waɗannan biyu, ko da kuwa labarin biyar ɗin ya fi daɗin faɗi.

5.0 SHAIDAR SAUTI DA SHAIDAR MA'ANA

5.1 Sauti

Kowane harshe yana da ƙa'idar gina gaɓa, kuma baƙuwar kalma dole ta bi ta. A Jafananci kalma ba ta ƙarewa da baƙi, in ban da n, kuma baƙaƙe mabambanta ba sa cunkushewa ba wasali a tsakani. Harshen kuma ba shi da l, sai ya musanya ta da r. Ga yadda wasu kalmomin Holanci suka koma:

glas ta koma garasu (gilashi)
mes ta koma mesu (wuƙar likita)
kop ta koma koppu (kofi)
gom ta koma gomu (roba)
bier ta koma biiru (giya)
pons ta koma ponsu

Za a ga cewa pons ba ta bi wata hanya ta dabam ba. Yadda glas da mes suka sami u a ƙarshe, haka ita ma. Wannan shi ake nema a shaidar sauti: sauyin ya zama na ƙa'ida, wanda ya shafi kalmomi da yawa, ba wanda aka ƙirƙiro don kalma ɗaya ba. Ɗalibin Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin haka Hausa ta yi da bokiti da benci da burodi da famfo.

Shaidar sauti ta kuma raba gardama a kan ko daga bakin Ingilishi kai tsaye Jafanawa suka ji kalmar. Kalmar Ingilishi mai ƙarewa da sautin c takan sami i a Jafananci, kamar yadda bench ta zama benchi. Da daga Ingilishi ne, da ponchi aka samu. Kuma lalle an same ta, amma daga baya: bayan an buɗe ƙasar, Jafanawa sun sake aro kalmar daga Ingilishi, yau kuma suna kiran haɗin 'ya'yan itatuwa cikin ruwan zaƙi furutsu ponchi. Kalma ɗaya ke nan ta shiga harshe ɗaya sau biyu ta ƙofa biyu. Hausa ma tana da irin waɗannan tagwaye: sukari ta zo ta Larabci, suga ta zo ta Ingilishi, alhali dukkansu jikokin kalma guda ce ta tsohon harshen Indiya, Sanskirit.

5.2 Ma'ana

A Dejima ponsu abin sha ne mai sa maye. Amma Jafanawa suna da nasu giyar shinkafa da barasa, ba su da buƙatar sabon suna a wannan fage. Abin da ya zauna shi ne ɓangaren tsamin. Sannu a hankali ma'anar ta ƙuntata, ta bar haɗin gaba ɗaya ta koma kan abu guda daga cikin kayan haɗin, watau matsattsen ruwan lemo, musamman na daidai. Daga kofi sai ta gangara akushi, domin masu girki sun riga sun saba haɗa tsami da shoyu. Aka sami ponzu shoyu, watau ruwan lemo da shoyu, daga bisani aka gajarta, ponzu kaɗai ta ɗauki ma'anar haɗin.

Irin wannan tafiya ta ma'ana sananniya ce. Hausa ta yi irinta amma ta fuskanci wata nahiya: lemo, wadda aka aro daga Larabci, sunan ɗan itace ce, amma yau in an ce a kawo wa baƙo lemo, abin da za a kawo na kwalba ne, ko da babu ɗigon ruwan lemo a cikinsa. A Jafan sunan abin sha ya koma kan ɗan itace, a ƙasar Hausa sunan ɗan itace ya koma kan abin sha.

5.3 Yadda su ta zama khal

Da ma'ana ta koma kan abu mai tsami, sai kunnen Bajafane ya ji wani abu a ƙarshen ponsu. Wasalin u an ƙara shi ne kurum don gyaran gaɓa, s kuwa ta Holanci ce. Amma haɗuwarsu ta ba da su, wadda ta yi daidai da kalmar khal. Sai masu harshen suka yanka kalmar a inda ba ta da gaɓa a asali, suka mai da ita pon da su, suka rubuta kashi na biyu da harafin khal. Da ta zama haɗaɗɗiyar kalma a idonsu, sai ƙa'idar da ta ba da amazu da kurozu ta hau kanta, s marar ziza ta koma z mai ziza. Ta haka ponsu ta zama ponzu.

Kasuwa ce ta ƙarasa aikin. Kamfanin Mizkan na garin Handa, wanda tun 1804 sana'arsa ita ce yin khal, ya fitar da haɗaɗɗen ponzu na kwalba a 1964, abin da ya fitar da romon daga gidajen sayar da abinci ya shigar da shi gidajen talakawa. Yau kalmar ta shiga Ingilishi da sauran harsunan Turai a matsayin kalmar Jafananci. A Holan kuwa pons ta tsufa ta faɗi, sun koma amfani da siffar Ingilishi, sai a harshen Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda ya tsiro daga Holanci, ake jin ta. Mutumin Amsterdam yakan sayi kwalbar ponzu a kanti bai san kalmar kakanninsa ce ta dawo masa ba.

6.0 KALMAR DA TA FITA TA WANNAN GADA

Gadar Dejima ba shiga kaɗai ake yi ta kanta ba. Cikin kayan da jiragen Holan ke fita da su akwai shoyu, wanda ake ɗurawa a tuluna da kwalaben tangaram ana kai wa Batabiya, Jakarta ta yau, daga can kuma har Turai. Turawan Holan suka kira shi soja, ana furta ta soya, Ingilishi suka karɓa daga gare su. Da farko sunan romon ne. Daga baya Turawa suka ɗora shi a kan waken da ake yin romon da shi, ko da yake su Jafanawa daizu suke kiran waken.

A ƙarni na 20 wannan wake ya shigo Nijeriya da sunansa na Ingilishi. Da ya iso kunnen Bahaushe, sai ya tarar da kalmar gida mai irin wannan furuci, watau aikatau soya, da sunan aikinta suya. Nan take baƙo ya sami dangi: aka ce waken soya, aka ce waken suya, har mai saye a kasuwa yana iya ɗauka cewa don ana soya awararsa ne aka sa masa sunan. Abin da Bajafane ya yi wa pons da khal, shi Bahaushe ya yi wa shoyu da suya. Kalmomin nan biyu sun yi kiciɓis a kan gada guda, ɗaya tana shiga ɗaya tana fita, kowacce kuma inda ta sauka an ba ta sababbin iyaye. A cikin kwanon ponzu shoyu an haɗa su wuri guda.

7.0 KAMA DA WANE BA TA WANE

Wanda ya ji cewa lemon da aka fi yin ponzu da shi a da sunansa daidai, zai iya jin wani abu ya motsa masa. In ya ƙara bincike zai tarar Jafananci yana da kuma, da hana, da sake, har ma akwai sunan dangi Kano, wanda mutumin da ya kafa wasan judo a 1882 yake ɗauke da shi. Mai gaggawa zai ce to, ai ga dangantaka.

Sai a auna da shaidun nan uku. Ta fuskar ma'ana, kuma a Jafananci wata dabbar daji ce, hana fure ce ko hanci, sake giyar shinkafa ce. Daidai kuwa ana danganta ta da kalmarsu mai nufin zuriya bayan zuriya, domin 'ya'yan itacen sukan daɗe a reshe har sababbi su tarar da su, shi ya sa ake ƙawata gida da su a sabuwar shekara. Babu ɗaya da ta haɗu da ma'anar Hausa. Ta fuskar hanya, babu wata Dejima tsakanin Kano da Kyoto, babu tafinta, babu takarda. Ta fuskar sauti kuma, dalilin kamar a bayyane yake: harsunan biyu kowanne yana da wasula biyar, a, e, i, o, u, masu tsawo da gajarta, kuma kowanne ya fi son gaɓa mai baƙi ɗaya da wasali ɗaya. In harsuna biyu suna gina dubban kalmomi da irin wannan tubali kaɗan, tilas wasu su yi karo.

A nan ne darasin yake. Daidai da daidai sun yi kama ƙwarai, amma ba su haɗa komai ba. Shoyu da suya ta waken suya ba su yi kama sosai ba, pons da ponzu ma haka, amma kowane mataki na tafiyarsu ana iya nuna shi da shekara da wuri.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa ponzu ta taso daga punch ta Ingilishi, wadda aka fara gani a rubuce a 1632, ta zama pons a bakin Turawan Holan, ta tsallaka gadar Dejima ta zama ponsu kafin ƙarshen ƙarni na 18, ta bar ma'anar abin sha ta koma ruwan lemo, sa'an nan masu harshen suka ga khal a wutsiyarta suka mai da ita ponzu.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe. Na farko ya shafi ɗalibai masu rubuta kundi a kan asalin kalma ko sunan gari ko tushen wata al'umma. Bayanin da masu harshe ke bayarwa a kan kalmarsu abin tattarawa ne da girmamawa, domin yana nuna yadda suka fahimce ta, amma ba ya zama hujja sai sauti da ma'ana da hanya sun goyi bayansa. Inda hujja ta tsaya, kamar yadda ta tsaya a kan maganar biyar ɗin Indiya, nan ya kamata alƙalami ya nuna cewa an shiga fagen ra'ayi.

Na biyu ya shafi ma'aikata, musamman masu fassara a ma'aikatu da gidajen rediyo da majalisu, waɗanda kullum ake kawo musu sabon abu a ce su ba shi suna. Gwamnatin Tokugawa ta tsare ƙofarta fiye da shekara ɗari biyu, ta ƙidaya jirage, ta sa masu gadi a gada, amma kalmomin Holanci sun shiga, kuma Jafananci bai raunana ba saboda su. Waɗanda suka zauna su ne waɗanda suka bi ƙa'idar gaɓar harshen, suka kuma sami aikin yi a bakin mai girki da likita da ɗan kasuwa. Saboda haka in mai fassara yana shawara tsakanin ƙirƙira da aro, tambayoyin da suka fi amfani su ne ko kalmar za ta furtu a bakin mai harshe ba tare da tuntuɓe ba, ko za ta karɓi jinsi da jam'i kamar yadda mota ta zama mace ta haifi motoci, da kuma ko akwai kalmar gida da ta riga ta riƙe wannan aiki.